Na Farko a Gida: Daga Jami'a Zuwa Kasuwar Hatsi

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Mai girma Shugaban wannan taro, Shugaban ƙungiyarmu da 'yan kwamitinsa, Shugaban makaranta da ma'aikatansa, iyayenmu tsofaffin malamai da suka daure suka zo duk da nauyin shekaru, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai manya da ƙanana, barkanmu da sake ganin juna.

Kwamiti ya ɗora mini in yi magana a kan waɗanda suka zama na farko a gidajensu wajen samun digiri, da yadda wasunsu suka kama kasuwanci har suka tsaya da ƙafafunsu. Na san ba don dukiya aka zaɓe ni ba, domin daga nan inda nake tsaye ina hango mutum biyu ko uku da za su iya saye ni da sitona gaba ɗaya su kuma nemi canji. An dai san ni ɗan hatsi ne, ɗan hatsi kuwa ba ya rasa baki. Saboda haka a kan hatsi zan gina maganata, tunda shi na sani, kowa kuma sai ya auna da tasa sana'ar.

Idan kuka tuna ajinmu, waɗanda iyayensu suka yi boko ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauranmu 'ya'yan manoma ne da maƙera da mahauta da malaman zaure. Jami'ar Ahmadu Bello kanta a 1962 aka buɗe ta, wato kusan sa'ar yawancinmu ce, to ina iyayenmu za su same ta? Ƙannenmu da suka shiga firamare da shirin ilimi kyauta na 1976 su ma haka suke, kuma har gobe akwai dubban gidaje a ƙasar nan da ba a taɓa rataye hoton ɗa da hular digiri a bangonsu ba. Ke nan wannan magana ba ta tsufa ba.

Abu na farko da ya kamata a gane game da irin wannan ɗalibi shi ne, digirin da ya samo ba nasa ba ne shi kaɗai. Kayan taron dangi ne. A gidanmu, tunkiyar Inna ce ta biya kuɗin motata na farko zuwa Zariya, kwasar adashinta ce ta saya mini akwati, yayata kuwa shekara da shekaru tana tuyar ƙuliƙuli tana cusa mini abin da ya samu a aljihu duk ƙarshen hutu. Da aka janye tallafin abinci a jami'o'i a tsakiyar shekarun 1980, Baba ya jinginar da wata 'yar fadamarsa. Na tabbata kowa a nan yana da irin wannan lissafi a zuciyarsa. Su kuma ba banza suka yi ba, sun ga abin da suka gani. Sun ga 'yan bokon da suka riga mu, waɗanda suka ci ƙarin albashin Udoji, ma'aikatu suna bin su har cikin jami'a da takardar ɗaukar aiki, ana ba su gidan gwamnati da rancen mota, su shigo ƙauye ran sallah da Peugeot 504 haɗin Kaduna yara suna bin su a guje. Abin da aka shuka mu don mu zama ke nan.

Mu da muka fito bayan 1986 sai muka tarar an share wurin. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin nan na SAP a tsakiyar shekarar, Naira da ta fi Dala daraja a farkon shekarun 1980 ta koma sai ka ba da fiye da uku kafin ka sami Dala ɗaya tun shekarar ba ta ƙare ba. Ma'aikatu suka tsuke ɗaukar sababbin ma'aikata, masana'antu suka fara rage waɗanda suke da su. Ita kanta gwamnati ta san halin da ake ciki, shi ya sa ta kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 1987. A shekarar na gama karatun aikin gona a Samaru.

Bautar ƙasa ta kai ni Jihar Oyo. A can, duk ranar da ba aiki nakan tafi kasuwar Bodija a Ibadan wurin 'yan uwanmu Hausawa, don in ji Hausa in kuma ci tuwo. Ina zaune ina kallon manyan motoci suna sauke wake da dawa da masara daga Arewa, ina jin farashin da ake sayar da kwano, ina kwatanta shi da abin da Baba yake karɓa a kasuwar ƙauyenmu da kaka. Bambancin ya tsaya mini a rai. Na kuma tsinci Yarabanci daidai na ciniki da gaisuwa, wanda daga baya ya yi mini amfanin da ban zata ba.

Da na dawo na yi abin da kowa yake yi. Na rubuta takardun neman aiki har biro ya san hannuna, na zauna a bencin ofisoshi ina jiran wani babba da kullum ake ce mini yana mitin. A nan ne wanda ya fara boko a gidansu yake gane abin da ya rasa. Abokin karatunka da kawunsa yake Babban Sakatare, ɗan guntun kati ya ishe shi. Kai kuwa duk danginka babu wanda ya taɓa hawa benen sakatariya. Na sami koyarwa ta wucin gadi a wata makaranta, albashin yana zuwa wata ɗaya ya ɓuya wata biyu. Bayan shekara guda na yanke shawarar in tafi Dawanau in nemi ubangida.

Ranar da na faɗa a gida, Inna ta dube ni ta ce, "Yanzu duk karatun nan da ka yi, awo za ka koma? Ai da mun sani da tun kana ƙarami muka ba ka kwano." Baba bai ce komai ba, ya ɗauki butarsa ya fita. Jama'a, na sha wuya iri-iri a kasuwa, amma babu wadda ta kai wannan shirun nauyi. Kuma ina roƙon matasan da ke nan su fahimci iyayensu idan sun yi musu haka. Mutumin da ya jinginar da fadamarsa don ya fitar da ɗansa daga rana, ba ƙaramin abu ba ne ya ga ɗan ya koma cikin ƙura da 'yan dako.

Kasuwar Dawanau, ga wanda bai san ta ba, tana kan hanyar Katsina a ƙasar Dawakin Tofa, kuma a lokacin ba ta daɗe da kafuwa ba. An yi sa'a kuma ta tashi daidai lokacin da gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, ciniki ya koma hannun 'yan kasuwa kacokan. Wani dattijo ɗan garinmu ya kai ni wurin wani Alhaji mai harkar wake, ya ce masa, "Ga ɗanka nan, ya yi boko har ya ƙure, amma yana son ya koyi abin yi." Alhaji ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Malam, ka iya tashi da asuba?" Na ce, "Na iya, ranka ya daɗe." Iyakar intabiyun ke nan. Daga ranar har ya rasu Malam yake kirana, yaransa kuwa Ɗanboko.

Shekara uku na yi a ƙarƙashinsa, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a ganina nan ne yawancinmu 'yan boko muke tuntuɓe. Mukan ɗauka kasuwa wuri ne da wanda bai yi karatu ba yake fakewa, alhali makaranta ce da ta girmi tamu nesa ba kusa ba. Fataken da suka yi ta kai-komo tsakanin Kano da Gwanja suna sayo goro, da irin su Alhasan Ɗantata da ya rasu a 1955 bayan ya zama babban mai sayen gyaɗa, ba a jami'a suka koyi abin da suka sani ba. Maigidana bai iya rubuta sunansa da boko ba. Amma zai tura hannu cikin buhu ya damƙo wake, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza, ya gaya maka ko ya bushe ko da saura, na bana ne ko an gauraya da na bara, na Damagaram ne ko na Borno. Ya san Legas jan wake take so, ya san inda ake neman fari manya irin Kanannado. Bashin mutum hamsin yana kansa, da ranar da kowa ya yi alkawari. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake karanta mutum. Wani zai zo da babbar riga da mota ya hana shi kaya, wani ya zo da silifa ya ba shi buhu ɗari ba ko takarda. Na tambaye shi dalili, ya ce mai rigar tun da ya zauna bai taya ba, duk farashin da aka faɗa sai ya ce ya saya, wanda kuwa ba ya tayi ba shi da niyyar biya.

Na bi motoci zuwa kasuwannin ƙauye, Ɗambatta ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis, na kwana a kan buhuna, na koyi yadda ake zama da dillali da yadda ake ba shi la'adarsa ba tare da an ɓata ba, na koyi lokacin da ake cewa albarka da lokacin da ake sallamawa ko da ribar ba ta kai yadda ake so ba, don kada kaya su yi kwantai. Wani abokinmu da ke aiki a banki ya taɓa ganina a kan lodi fuska duk ƙura, ya kau da kai don kada in ji kunya. Yana nan a zauren nan, na kuma gode masa, amma ni a ranar ban ji kunyar komai ba, yunwa kawai nake ji.

To me bokon ya ƙara? Da farko littafi da biro kawai. Na roƙi Alhaji ya bar ni in riƙa rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, har kuɗin igiya da allura. Shi bai buƙaci littafin ba, amma yaransa da ke zuwa saro suna buƙata, domin da yawa suna murnar ribar da babu ita. Bari in ba da misali da ƙananan lambobi don lissafin ya yi sauƙi, Malaminmu na lissafi yana nan zai duba ni. A ce ka sayi buhu 100 da kaka a kan Naira 100 kowanne, ka ajiye zuwa damina ka sayar a kan 150. Kowa zai ce ka ci 5,000. Amma dako da mota da hayar sito da buhu da la'ada sun ci Naira 20 a kowane buhu, wato 2,000. Ƙwari da ramewa sun cinye maka kimanin buhu 10, saura 90, ka karɓi 13,500. Abin da ka kashe 12,000 ne, ribarka ta dawo 1,500. Idan kuma a cikin waɗannan watanni farashin komai ya tashi da kashi 20 cikin 100, to sai kana da 14,400 kafin ka iya sayen abin da 12,000 ta saya maka a da. Ka ga kuɗi sun ƙaru a aljihu, jari kuwa ya rame. A 1995 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 70 cikin 100, kuma a shekarun nan na ga mutane da dama suna ƙirga takardun kuɗi suna dariya, buhunan da suke iya saye kuwa kullum raguwa suke yi. Tun daga lokacin nake ƙirga jarina da buhu. Naira ma'auni ce mai motsi.

Sai maganar jari. Na je banki sau ɗaya da tsarin kasuwanci da na rubuta da Turanci mai kyau. Manaja ya yaba, sa'an nan ya tambaye ni takardar mallakar fili. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, takardar da gwamna ya sa wa hannu ita ce abin da banki ya fi yarda da shi. Gonar Baba kuwa iyakarta wata tsamiya ce da wani kwari, shaidarta Dagaci da maƙwabta. Ɗan ma'aikaci yana iya kai takardar gidan ubansa na cikin birni, ɗan manomi ba shi da abin kai wa ko da gonarsu ta fi gidan daraja. Ga kuma batun kuɗin ruwa, wanda da yawanmu zuciyarmu ba ta kwanta da shi ba. Bankunan da ba sa harka da ruwa sun zo daga baya, Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma sun sauƙaƙa wannan ɓangaren, amma su ma ba za su ba ka kaya don kwalin digirinka ba, sai da jingina ko wanda zai tsaya maka. Ni jarina na farko daga Alhaji ya fito. Da shekara uku ta cika ya kira ni ya ce, "Malam, ga buhu talatin, ka kai Ibadan wurin mutanen nan naka. Uwar kuɗi tawa, riba mu raba." Babu takarda, babu shaida sai ɗansa da ke zuba mana shayi. Shekara ukun nan da wasu suke ganin na ɓata, ita ce jinginar da na bayar.

Yanzu na zo kan abin da ya fi kashe kasuwancin irinmu, kuma ina neman afuwa idan na taɓa wani. Ba gwamnati ba ce, ba kuma banki ba. Gida ne. Ma'aikaci yana da katanga, kowa ya san sai ƙarshen wata, kowa kuma ya san albashi yana da iyaka. Ɗan kasuwa ba shi da wannan katanga. Ɗan uwa zai shigo sito ya ga buhuna har rufi, a ransa duk naka ne, bai san rabi na maigida ba ne, sauran kuma bashin manoma. Suna, biki, asibiti, kuɗin makaranta, rufin ɗaki da iska ta yaye, duk kanka za su biyo, domin kai ne wanda aka tara wa. Kuma gaskiyarsu ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yayar da ta ƙona hannunta a kaskon ƙuliƙuli saboda kai, da wane baki za ka ce mata babu?

Amma idan ka bi wannan ba tsari, cikin shekara biyu za ka koma ba ka da abin ba kowa, har kanka. Abin da na yi shi ne na yanka wa kaina albashi kamar kowane ma'aikaci, na kuma ware wani kaso na ribar shekara, na ce wannan na gida ne, kuɗin makarantar yara shi ne a gaba, sai magani, sai abin da ya biyo baya. Duk kaka kuma akwai adadin buhunan da nake saukewa a gida. Sa'an nan na tafi wurin Baba na zauna na yi masa bayani da harshen da ya sani. Na ce, "Baba, ko a shekarar da aka yi yunwa, ka taɓa bari an daka iri?" Ya ce, "Wane mahaukaci ne zai daka iri?" Na ce, "To abin da ke cikin siton nan iri ne." Ya yi shiru, irin shirun nan nasa, sa'an nan ya ce in bar shi da mutanen gida. Daga ranar shi ya zama katangata. Duk wanda ya zo da buƙata wurinsa yake fara zuwa, shi yake tacewa, kuma abin da ya fito daga bakinsa babu mai cewa rowa ce. Shawarata ga duk wanda zai shiga wannan hanya ita ce ya nemi dattijo ɗaya a gidansu ya buɗe masa littafinsa gaba ɗaya. Ɓoye-ɓoye shi yake sa a ɗauka kana da abin da ba ka da shi.

Haka batun ɗaukar 'yan uwa aiki. Ɗan yayanka idan ya yi ɓarna a sito ba ka iya korarsa sai an yi zaman dangi. Tsofaffin 'yan kasuwa sun daɗe da maganin wannan: ka kai naka wurin abokinka, ka karɓi nasa. Kowa sai ya yi hankali.

Na ga 'yan uwa da dama, wasu daga makarantar nan, da suka yi ritaya suka karɓi garatuti, suka zuba shi gaba ɗaya a motar haya ko gidan kaji ko ajiyar hatsi, ba su taɓa yini ɗaya a tasha ko a kasuwa ba, suka damƙa wa wani yaro suka koma gida suna jiran riba. Ba sai na faɗi yadda aka ƙare ba. Mutum ya yi shekara talatin da biyar yana koyon aikin ofis, amma yana ganin kasuwa ba ta cancanci ko wata shida na koyo ba.

Kasuwa kuma ba ta zama wuri ɗaya. A 1994 aka karya darajar Sefa da rabi, lissafin duk mai sayo wake daga Maraɗi da Damagaram ya canja cikin dare ɗaya. Wani mai saye a Kudu da muka yi shekaru muna hulɗa ya karɓi lodin mota guda ya ɓace, sai da na yi shekara biyu ina biyan manoma da dillalan da suka ba ni kayan. Amma babban canji shi ne zuwan wayar salula a 2001. Kafin nan, rabin ribarmu ta sanin farashi ce: na san abin da ake sayarwa a Bodija ko Mile 12, mai kaya a ƙauye bai sani ba. Da waya ta shiga hannun kowa, manomi yana kan gonarsa zai kira ɗansa a Legas ya ji farashi. Wannan riba ta tafi, kuma ni ban yi kukanta ba, domin ɗan manomi ne ni kafin in zama ɗan kasuwa.

A nan ne karatun Samaru ya biya kuɗinsa, bayan shekara goma sha. Tunda sanin farashi ya zama na kowa, abin da ya rage shi ne inganci: tsabtace kaya, rarraba su daraja-daraja, da ajiya. Ku da kuka ci waken ɗakin cin abincinmu, mai zuwa da namansa kyauta yana yawo a saman kwano, kun san abokin gabar. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, yana ƙyanƙyasa a cikin ƙwaya, cikin 'yan watanni ya mai da buhu gari. Abin da mutane da yawa suke yi shi ne su zuba maganin ƙwari irin su fiya-fiya kai tsaye a cikin abin da mutum zai ci. Wannan ba dabara ba ce, ganganci ne da rayukan mutane, kuma ina faɗa a gaban abokan sana'ata kamar yadda nake faɗa a nan. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Alhali akwai hanya mai sauƙi da duk wanda ya zauna a ajin nazarin ƙwari ya sani: ƙwaro yana numfashi, idan ka toshe masa iska zai mutu. Tun kafin a kawo buhun zamani ina ajiya a cikin durom mai murfi da ake liƙewa. Daga 2007 kuma aka fara yaɗa buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne daban. Idan waken ya bushe sosai kuma ledar ba ta huje ba, zai yi watanni ba ko ɗigon magani. Masu sayen da suka gane kayana ba sa warin magani, makarantun kwana da masu gidajen abinci da manyan kantuna, su ne suka riƙe ni har yau. Don in sayar musu sai da na yi rajistar kamfani, na nemi lambar NAFDAC don ƙananan ƙunshi, na iya rubuta wasiƙa da karanta yarjejeniya kafin in sa hannu. Malaminmu na Turanci, ranka ya daɗe, jan biron nan naka bai tafi a banza ba. Ga matasa kuma, tun gyaran dokar kamfanoni na 2020 mutum ɗaya ma yana iya yi wa ƙaramin kamfaninsa rajista.

Kada wani ya fita daga nan yana cewa na ce hatsi hanyar arziki ce mai santsi. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 2023 har zuwa Maris na 2024. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa muna da kuɗi a banki amma ba mu da takardar da za mu ba manomin da ba shi da asusu. Cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar ya ninka kuɗin mota. Akwai kasuwannin ƙauye a Zamfara da Katsina da na yi shekaru ina ci, waɗanda rashin tsaro ya raba ni da su. A 2025 kuma farashin hatsi ya faɗo, waɗanda suka saya da tsada suka ajiye suna jiran tashi suka tafka asara, har da manyan da suka girme ni a harkar. Wanda ya ci bashi ya yi ajiya shi ya fi jin jiki.

Ita fadamar Baba, a shekara ta biyu da fara cin gashin kaina na fanso ta. Ƙannena da 'ya'yan yayata da suka yi jami'a bayana ba su san zaman bencin ofis irin nawa ba, domin ko ba komai suna da wanda za su kira. Wannan ne ya kawo ni ga roƙon da nake so in yi wa ƙungiya. Yaran da ke fitowa daga makarantar nan yanzu, waɗanda su ne na farko a gidajensu, sun fi mu shiga matsi. Mu bashin dangi kawai muka fito da shi, su kuwa wasunsu har da rancen karatu na gwamnati da aka fara bayarwa a 2024, wanda za a nemi su biya. Kuɗin da muke tarawa duk shekara don gyaran azuzuwa da sayen littattafai abu ne mai kyau, a ci gaba. Amma abin da yaron nan ya fi rasa shi ne dattijon da zai kama hannunsa ya kai shi wurin wani ya ce ga ɗanka nan. A zauren nan akwai masu shago a Kantin Kwari da Singa, akwai masu injin casar shinkafa, akwai masu kemis da masu gidan burodi da masu gareji. Ina ba da shawarar Sakatare ya buɗe littafi, duk mai sana'ar da zai iya ɗaukar yaro ɗaya na shekara biyu ya rubuta sunansa, da sharaɗin zai ba shi abin kashewa, zai nuna masa littafin cinikinsa na gaskiya, idan kuma ya ga amanarsa zai ba shi kaya ya juya. Ƙungiya ita ce za ta tsaya wa yaron a matsayin dangi, ta kuma je ta yi wa iyayensa bayani, don kada su ɗauka ɗansu ya lalace.

Ni na yi alkawarin biyu a bana. Su same ni kafin Nuwamba, lokacin da sabon wake yake fara shigowa, kuma su zo da takalmin da ba sa jin tausayinsa.

Mai girma Shugaba, na ga kana duban agogo.